Me ya sa chown da chmod ba sa aiki a kan fatishan ɗin da na ɗora a Linux?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Laftof ɗina na da Windows da Ubuntu. Akwai fatishan ɗin da Windows ke kira D, nan nake tara takardu da hotuna. Na sa shi a `/etc/fstab` don ya riƙa hawa da kansa a `/mnt/d`. Duk abin da ke ciki yana nuna root ne mai shi, izini kuma `rwxrwxrwx`. Na yi chown da chmod da sudo, ba su yi ƙorafi ba, amma ba abin da ya canza. Wani lokaci ma sai ya ƙi karɓar rubutu gaba ɗaya. Sannan na ƙara faifai na biyu, na yi masa fomat da ext4, na ɗora shi a `/mnt/ajiya`, shi kuma "Permission denied" yake ce min in ban sa sudo ba. Da na ƙara masa `uid=1000` a fstab sai kwamfutar ta ƙi tashi. Wani ya ce in yi `chmod -R 777` in huta. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka dakata da wannan 777 ɗin, mai buɗe wa kowa komai, tukuna, zan zo kansa. Faifanka biyu ciwonsu daban, kai kuma ka ba kowanne maganin ɗan'uwansa. Maganin NTFS ka kai wa ext4, maganin ext4 ka kai wa NTFS. Shi ya sa ɗaya ya yi shiru ya ƙyale ka, ɗayan kuma ya hana kwamfutar tashi.

Kafin ka taɓa izinin kowane fatishan, fara sanin wane irin tsarin fayil ne a kansa. Umarni biyu sun isa:

`lsblk -f`
`findmnt /mnt/d`

Na farko zai jero maka fatishan-fatishan da irin tsarin kowanne da lambar shaidarsa, wato UUID. Na biyu zai nuna maka yadda aka ɗora shi yanzu-yanzu, da zaɓuɓɓukan da ke aiki a kansa, waɗanda wani lokaci sukan saɓa da abin da ka rubuta a fstab, fayil ɗin da ke jera fatishan-fatishan da za a ɗora lokacin tashi.

Ga dalilin da ya sa wannan ya zo farko. A tsarukan da aka gina domin Linux, irin su ext4 da XFS da Btrfs, kowane fayil da kowace folda suna da ɗan rikodi a jikin faifan, wanda ake kira inode. A ciki aka rubuta lambar mai fayil, da lambar rukuninsa, da izinin karatu da rubutu da zartarwa. Idan ka yi chown (canza mai fayil) ko chmod (canza izini), wannan rikodin kake gyarawa, gyaran kuma yana nan ko ka cire faifan ka kai wata kwamfuta. FAT32 da exFAT, waɗanda su ne a kan yawancin filashi da katin memori, ba su da gurbin rubuta mai fayil sam. NTFS yana da nasa tsarin mallaka, mai zurfi ma, amma da lambobin Windows yake aiki, Linux bai san su waye ba. To tunda dole Linux ya nuna wani mai fayil da wani izini ga duk abin da ya gani, sai ya ƙirƙiro amsa guda a lokacin ɗorawa ya shafa ta ga dukkan fatishan ɗin. Kamar buhunan hatsi ne a mota: in kowane buhu da sunan mai shi a jiki, ana iya goge na wannan a rubuta wani, in babu suna a jikin ko ɗaya, duk kayan na wanda ya ɗauki shatar motar ne, ba kuma za ka canza mai buhu ɗaya ba sai dai ka canza mai shatar. A ext4 gyara da chown da chmod ake yi. A FAT da exFAT da NTFS, a zaɓuɓɓukan ɗorawa ake yi.

Mu fara da ext4 ɗin, tunda shi ne mai sauƙi. Idan aka yi wa fatishan fomat da ext4, babbar foldarsa ta ciki takan fito mallakar root, wato babban asusun mai gudanarwa, da izini 755. Ma'ana root ne kaɗai ke rubutu, kowa kuma na iya leƙawa. Ba lalacewa ba ce, haka yake fitowa. Abin da ke ruɗa mutane da yawa shi ne wannan: foldar `/mnt/ajiya` da ka ƙirƙira da mkdir daban, babbar foldar faifan daban. Da zarar ka ɗora faifan, ta faifan ta rufe waccan, izinin da `ls -ld /mnt/ajiya` ke nuna maka na faifan ne. Mutum zai yi chown a kan foldar tun faifan bai hau ba, ya ɗora, ya ga root ya dawo, ya ɗauka Linux ne ke warware masa aiki. Foldar da ke ƙasa ya gyara, ita kuma yanzu a rufe take. Don haka sai faifan ya hau sannan ka yi:

`sudo chown $USER: /mnt/ajiya`

Alamar ɗigo biyu bayan sunan tana sa rukunin ma ya koma rukuninka na asali. Sau ɗaya za ka yi shi, ya zauna a faifan. Tunda faifan sabo ne ba ka buƙatar `-R`, zaɓin da ke bin duk abin da ke cikin folda. Foldar `lost+found` da za ka gani a ciki ka bar ta a hannun root, fsck, umarnin duba tsarin fayil da gyara shi, shi ne ke zuba guntayen fayilolin da ya ceto a cikinta. Idan kuma ka riga ka kwashe kaya ciki da `sudo cp`, waɗannan kayan duk sun zama na root, sai ka bi foldojin da chown mai `-R`, kowace da cikakken sunanta. Ka kuma daina kwafi da sudo don kauce wa "Permission denied", domin kowane kwafi yana ƙara maka tulin fayilolin da kai kanka ba ka da ikon gyarawa.

Shi kuwa `uid=1000`, ext4 bai san wannan zaɓi ba, ba ya kuma buƙatarsa tunda mallaka a rubuce take a jikinsa. Da ya gan shi sai ya ƙi hawa, da saƙon nan mai cewa "wrong fs type, bad option, bad superblock". Duk abin da ke fstab kuwa systemd, manhajar da ke jagorantar tashin Linux, na ɗaukarsa wajibi ne, in ɗaya ya ƙi hawa sai ya tsayar da tashin ya jefa ka yanayin gaggawa. Layin da ya dace da faifanka shi ne:

`UUID=lambar-faifanka /mnt/ajiya ext4 defaults,nofail 0 2`

Kalmar `nofail` ita ce ke cewa in faifan ba ya nan ko ya ƙi hawa, a ci gaba da tashi. Ni duk faifan da ba shi ne ke ɗauke da tsarin kansa ba, ina sa masa ita. Ka yi amfani da UUID maimakon `/dev/sdb1`, saboda waɗannan sunaye kan sauya in ka jona filashi kafin kunnawa. Sannan kada ka sake kunna kwamfuta bayan gyaran fstab sai ka gwada shi:

`sudo findmnt --verify`
`sudo systemctl daemon-reload`
`sudo mount -a`

In akwai kuskure, nan zai fito, kana zaune a gaban taminal ɗinka da komai na aiki.

Akwai wani abu game da ext4 da ya kamata ka riƙe tun yanzu. Abin da ke rubuce a faifan lamba ce, babu suna. Rubuta `id` ka ga taka. A Ubuntu da Debian da Fedora asusun farko da aka buɗe yakan samu 1000, na biyu 1001, root kuma 0 ne a ko'ina. In ka kai faifan wata kwamfuta, duk wanda ke da 1000 a can shi ne mai fayilolinka, ko waye shi. In kuma kai ne 1001 a can, za a hana ka kayanka. Idan ka ga `ls -l` na nuna lamba tsirara a gurbin suna, kwamfutar ba ta da asusu mai wannan lambar ke nan. `ls -ln` na nuna lambobin kai tsaye, shi nake fara dubawa duk sanda faifai ya yi yawo tsakanin injuna.

Yanzu fatishan D. Daga yadda ka kwatanta, wato komai na root, komai 777, chown da chmod kuma shiru, direban ntfs-3g ne ya ɗora shi. `findmnt` zai nuna maka irinsa da sunan `fuseblk`. Haka wannan direba yake in ba a gaya masa komai ba: ya ba wanda ya ɗora shi mallaka, wato root a nan tunda daga fstab ne, ya buɗe wa kowa komai, sannan yana da wani zaɓi mai suna `silent` da ke kunne tun asali, wanda ke sa ya karɓi chown da chmod ya watsar ba tare da ya ce uffan ba. A filashi mai FAT32 da aƙalla chown ya ce maka "Operation not permitted", ka san an ƙi. Gyaran a fstab yake:

`UUID=lambar-D /mnt/d ntfs-3g uid=1000,gid=1000,dmask=022,fmask=133,windows_names,nofail 0 0`

`uid` da `gid` su ne ke naɗa mai dukkan fatishan ɗin, ka sa lambobin da `id` ya ba ka. `dmask` da `fmask` kuwa a juye suke aiki, nan ne mutane ke tuntuɓe: abin da za a cire suke faɗa. Karatu 4 ne, rubutu 2, zartarwa 1, jimla 7, gurbi uku kuma na mai fayil ne da rukuni da sauran jama'a. A cire 022 daga 777, foldoji sun zama 755. A cire 133, fayiloli sun zama 644. In akwai wasu masu asusu a kwamfutar da ba ka so su leƙa, sa `dmask=077,fmask=177`, foldoji su zama 700, fayiloli 600. Akwai `umask` da ke haɗa biyun a lamba ɗaya, amma ba na ba da shawararsa. In ka sa `umask=022`, kowane hoto da kowace takarda za su fito da izinin zartarwa kamar manhaja. In ka sa `umask=133` don gudun haka, ka cire wa foldoji zartarwa, folda marar wannan izini kuwa ba ta shiguwa. Shi ya sa aka raba su biyu.

`windows_names` yana hana ka ƙirƙirar sunan da Windows ba zai iya buɗewa ba, kamar mai alamar tambaya ko ɗigo biyu, ko sunaye irin CON da NUL. Tunda fatishan ɗin na tsarin biyu ne, ka bar shi. Bayan ka gyara layin, sauke fatishan ɗin da `sudo umount /mnt/d` sannan ka yi `sudo mount -a`. In ya ce "target is busy", akwai taminal ko manhaja da ke zaune a ciki, ka fita daga foldar tukuna.

Ana iya sa ntfs-3g ya riƙe izinin kowane fayil daban, ta zaɓin `permissions`, ko ta fayil ɗin `.NTFS-3G/UserMapping` da ke daidaita lambobin Linux da na Windows, wanda umarnin `ntfsusermap` ke taimakawa a haɗa. In wannan fayil yana nan, direban kan yi watsi da `uid` da `gid` da su `dmask`. Haka kuma akwai sabon direba, ntfs3, wanda kamfanin Paragon ya rubuta, ya shiga kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, a sigar 5.15 ta 2021. Shi yana karɓar chown da chmod ya adana su a wasu ƙarin bayanai a jikin fayil, irin yadda WSL, tsarin gudanar da Linux a cikin Windows, ke yi. Duk da haka, ga fatishan na takardu da hotuna na mutum ɗaya, ban ga ribar wannan wahala ba. Mai fatishan guda, izini guda, shi ke nan. Duk abin da ke buƙatar izini na gaskiya, gidansa ext4.

Me nake nufi da abin da ke buƙatar izini na gaskiya? Mabuɗin SSH, na shiga wata kwamfuta daga nesa, misali: in izininsa a buɗe yake ga wasu, ssh zai ƙi amfani da shi, ya buga maka gargaɗin "UNPROTECTED PRIVATE KEY FILE". Ma'ajiyar git, manhajar bin diddigin canje-canjen fayiloli, ma haka: a kan NTFS sai ka ga git na cewa fayiloli sun canza alhali izininsu ne kawai ya bambanta, har sai ka yi `git config core.fileMode false`, tun sigar 2.35.2 ta 2022 kuma git na ƙin aiki a foldar da wani ne mai ita, da saƙon da a sigogin baya-bayan nan ke cewa "dubious ownership", abin da fatishan mallakar root ke jawowa kai tsaye. Foldar gida ta `/home` kuwa kada ma ka yi tunanin kai ta can.

Sai ranakun da D ke ƙin rubutu gaba ɗaya. Wannan ba maganar izini ba ce ko kaɗan, kuma a nan karanta saƙon kuskure da kyau ke da amfani, domin saƙonni uku ne masu kama da juna. "Permission denied" na nufin izini ko mallaka sun hana ka. "Operation not permitted" na nufin aikin kansa ne ba a yarda da shi ba, kamar chown a kan FAT, ko taɓa fayil ɗin da aka kulle da `chattr +i`, wanda `lsattr` ke tonawa. "Read-only file system" kuma na nufin dukkan fatishan ɗin an ɗora shi don karatu kawai, ko root ba zai rubuta ba. Duba `findmnt`, za ka ga `ro` a farkon zaɓuɓɓuka maimakon `rw`.

Mafi yawan lokuta Windows ne sanadi. Tun Windows 8 akwai tsarin Fast Startup: idan ka danna kashewa, Windows ba ya mutuwa gaba ɗaya, yakan adana halin da yake ciki a fayil ɗin `hiberfil.sys` don ya tashi da sauri, fatishan-fatishan NTFS kuma su zauna tamkar har yanzu suna hannunsa. Idan Linux ya rubuta a wannan hali, Windows ya farka da tsohon tunaninsa na yadda faifan yake, ana iya asarar fayiloli. Don haka ntfs-3g ke komawa karatu kawai, kuma daidai ya yi. Maganin a Windows yake: ka kashe Fast Startup a saitin wuta na Control Panel, ko ka buɗe taminal ɗin Windows da ikon mai gudanarwa ka rubuta `powercfg /h off`, wanda ke kashe shi tare da dogon barcin Windows, wato hibernate, gaba ɗaya. Na wucin gadi kuma, ka riƙe Shift lokacin danna kashewa, ko ka fita daga Windows ta hanyar Restart, wanda ke rufe komai da gaske.

Sanadi na biyu mun fi kowa saninsa: a ɗauke wuta, ko batir ya mutu, Windows na tsakiyar rubutu. NTFS zai zauna da alamar cewa ba a rufe shi lafiya ba. Direban ntfs3 ma ƙin ɗora irin wannan yake yi, `sudo dmesg` zai nuna maka "volume is dirty". Ka shiga Windows ka yi `chkdsk D: /f`. Za ka ga ana ba da shawarar `ntfsfix` a Linux. Yana gyara ƙananan abubuwa, yana kuma iya goge alamar, amma ba ya maye gurbin chkdsk, kuma goge alama ba gyaran ɓarna ba ne. Tunda kana da Windows a kan injin, bar shi ya duba kayansa. Zaɓin `remove_hiberfile` da `force` kuwa ka nisance su a fstab. Na farkon yana zubar da duk aikin da Windows ya kwanta da shi.

In ext4 ne ya koma karatu kawai da kansa kana cikin aiki, wannan ya fi tayar da hankali. Kanel ya ga kuskure a faifan ne ya rufe rubutu don kare abin da ya rage. Duba `dmesg`, kwashe muhimman kaya zuwa wani wuri, sauke fatishan ɗin, sannan ka yi fsck. Kada a yi fsck a kan fatishan da ke ɗore.

Mu dawo kan `chmod -R 777`. A D ba zai yi komai ba, ka riga ka gani. A `/mnt/ajiya` zai yi aiki, ta hanya mafi muni: kowane asusu a kwamfutar, har da na manhajojin da ke aiki a bayan fage irin `www-data` na sabar yanar gizo, zai iya gogewa ko sauya duk abin da ke ciki, kowane fayil kuma ya zama abin zartarwa. Ga shi ba ya ma warware matsalar gobe, domin sababbin fayiloli da izinin da umask na mai ƙirƙirarsu, wato saitin asusunsa na izinin sababbin fayiloli, ya ba su za su fito. Babu kuma umarnin da ke mayar da izinin da `-R` ya shafe. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne kuskuren yatsa. Tazara ɗaya tsakanin `/` da `mnt` ta isa ta aika chown ko chmod kan dukkan tsarin. In chown ya bi ta kan `/usr/bin/sudo`, sudo zai daina aiki, ya ce dole ya zama mallakar uid 0 da alamar setuid, mai ba shi damar aiki da ikon root, daga nan kuma sau da yawa sake girka tsarin ya fi gyara sauƙi. Duk umarnin da ya haɗa sudo da `-R`, ka karanta shi sau biyu kafin ka danna. In har dole ka daidaita izinin tulin kaya, yi amfani da babban harafin X:

`chmod -R u=rwX,go=rX /mnt/ajiya/hotuna`

Babban X na ba foldoji izinin shiga, ya ƙyale fayilolin da dama can ba na zartarwa ba ne.

Wataƙila wanda ya ba ka shawarar 777 yana tunanin faifan da mutane da yawa za su yi aiki a kai ne, kamar a ofis ko shagon buga takardu. Wannan buƙata ce ta gaske, tana da hanyarta. Ka buɗe rukuni, ka sa mutanen a ciki, ka ba rukunin foldar:

`sudo groupadd ofis`
`sudo usermod -aG ofis sunan-asusu`
`sudo chgrp ofis /mnt/ajiya/aiki`
`sudo chmod 2770 /mnt/ajiya/aiki`
`sudo setfacl -d -m g:ofis:rwx /mnt/ajiya/aiki`

Kada ka manta da `-a` a usermod. In babu shi, za a cire mutum daga duk sauran rukunansa, har da na sudo. Kuma sai ya fita daga asusunsa ya sake shiga sannan sabon rukunin ya kama shi. Lambar 2 da ke gaban 770 ita ce setgid: duk abin da aka ƙirƙira a foldar zai gaji rukunin `ofis` maimakon rukunin mai ƙirƙirar. Layin ƙarshe kuma na tabbatar da cewa rukunin ya samu izinin rubutu a sababbin fayiloli ko da umask na wani 022 ne. Za ka ga alamar `+` a ƙarshen izini a `ls -l`, `getfacl` kuma ya nuna cikakken bayani. Wani abin lura: fayil ɗin da aka matso da `mv` daga wata folda a kan fatishan guda yana zuwa da tsohon rukuninsa da tsohon izininsa, domin ba sabon fayil ba ne, wurinsa kawai aka canza. Kwafi da `cp` shi ke gadon na foldar.

Sannan ka san cewa goge fayil ba ya bin izinin fayil ɗin, izinin foldar da yake ciki yake bi. Duk mai izinin rubutu a folda zai iya goge fayil ɗin wani ko da ba ya iya buɗe shi. In ba ka son abokan aiki su goge wa juna kaya, ƙara alamar da `/tmp` ke da ita da `chmod +t`, sai mai fayil ko mai foldar ko root kaɗai su iya gogewa.

Akwai lokacin da komai zai nuna daidai amma wata manhaja ta ce an hana ta. Abu na farko da zan duba shi ne hanyar da ke kaiwa ga fayil ɗin, saboda ana buƙatar izinin shiga a kowace folda tun daga `/` har ƙasa. `namei -l /mnt/ajiya/aiki/takarda.pdf` zai jero su duka ka ga inda aka toshe. Wannan na yawan faruwa da faifan da aka ɗora ta danna shi a manhajar fayiloli. A nan wata manhajar bayan fage mai suna udisks ce ke ɗorawa, a `/media/sunanka/` a yawancin sigogin Ubuntu, ko `/run/media/sunanka/` a Fedora da Arch, takan kuma sa wa FAT da exFAT da NTFS lambarka da kanta, shi ya sa filashi ba ya ba ka wahala. Amma foldar `sunanka` ɗin kai kaɗai aka buɗe wa, don haka Samba, manhajar raba fayiloli tsakanin kwamfutoci, ko sabar yanar gizo da ke aiki da wani asusu ba za su wuce ta ba. Faifan da irin waɗannan za su yi amfani da shi, a fstab ake ɗora shi, a `/mnt` ko `/srv`.

Na biyu, zaɓin `user` ko `users` a fstab, wanda ke ba wanda ba root ba damar ɗorawa, yana jawo `noexec` da `nosuid` da `nodev` tare da shi a ɓoye. Sai ka ga fayil na da izinin zartarwa amma ya ƙi tashi. In kana buƙata, rubuta `exec` bayan `user`, don na baya ne ke rinjaye. Na uku, manhajojin Snap a Ubuntu a killace suke, ba sa ganin `/mnt` da `/media` sai an haɗa musu hanya da `sudo snap connect sunan-manhaja:removable-media`, in manhajar ta tanadi hakan. Ko da an haɗa, faifan da ka ɗora a wani wuri na daban kamar `/data` ba za su gan shi ba. A Fedora da danginta kuma ƙarin tsarin tsaro mai suna SELinux na iya hanawa bayan izini ya yarda, `ls -Z` ke nuna lakabinsa.

Idan wata rana ka so faifan waje da zai riƙa yawo tsakanin Linux da Windows da Mac, exFAT ya fi dacewa: ba shi da iyakar gigabait 4 ga fayil ɗaya irin ta FAT32, Microsoft ya buɗe bayanan tsarinsa a 2019, cikakken direbansa kuma na cikin kanel tun 5.7 a 2020. Zaɓuɓɓukansa su ne dai `uid` da `gid` da `dmask` da `fmask`.

Duk wannan izini kuwa tsarin da ke kunne ne ke tilasta shi. Wanda ya cire faifanka ya jona a kwamfutar da yake da root a kai, ko ya tayar da laftof ɗinka daga filashi, zai karanta komai, 600 ko 700 ba za su tare shi ba. In akwai takardun da ba ka son su faɗa hannun wani idan an sace laftof ɗin, sai ka rufe fatishan ɗin da LUKS, tsarin ɓoye bayanai da kalmar sirri, ta umarnin `cryptsetup`, ko ta manhajar Disks da ke zuwa da Ubuntu, wadda ke ba da zaɓin sa kalmar sirri lokacin fomat da ext4. Yin hakan ta wannan hanya yana goge abin da ke kan fatishan ɗin, don haka yanzu da faifanka na biyu bai cika ba ne lokacin yanke shawara. Bayan an buɗe shi da kalmar sirri an ɗora, chown ɗin nan guda na `/mnt/ajiya` za ka sake yi a kansa.